Filin Tambaya da Amsa: Sautin da Jiki Yake Riga Hankali Ji

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan al'amari ɗaya suke, wato yadda sautin da ba ya cutar da kowa yake komawa abin firgita ga mutum bayan ya taɓa zuwa masa tare da wata masifa. Mun taƙaita su saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko.

Tambaya daga wata mai karatu: Assalamu alaikum, Malam. Shekara uku ke nan da aka kira ni a waya da tsakar dare aka shaida mini rasuwar yayana. Washegari na sauya ƙarar da wayata take yi idan an kira, amma har yau duk inda na ji irin wannan ƙarar a wayar wani, sai gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, ƙafafuna su yi sanyi, tun ma kafin in gane abin da na ji. Na san waya ce kawai. Me ya sa sanin bai hana jikina ba? Ko raunin zuciya ne gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ƙara miki haƙurin rashinsa. Zan fara da ƙarshen tambayarki domin shi ya fi tsaya mini a rai: babu raunin zuciya a cikin abin da kika kwatanta, kuma jarumin da ya fi kowa taurin rai zai iya samun kansa a cikin irinsa. Koyo ne ƙwaƙwalwarki ta yi a wancan daren ba tare da ta nemi shawararki ba, kuma irin wannan koyo yana cikin ayyukan ƙwaƙwalwa ƙalilan da masu bincike suka bi sawunsu zango bayan zango, daga kunne har zuwa tafin hannun da kika ce yana jiƙewa.

Bari mu bi sautin daga inda ya shiga. Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska, idan ta isa kunne sai ta kaɗa dodon kunne, shi kuma ya miƙa ta ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, su kai ta wani sashe naɗaɗɗe kamar katantanwa, mai cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da girgizar ta zama saƙon lantarki, sai jijiyar ji, wadda ta ƙunshi siraran zare kusan 30,000, ta ɗauki saƙon zuwa tushen ƙwaƙwalwa. Daga nan yakan yada zango a wurare biyu ko uku kafin ya isa talamus, wanda yake can tsakiyar kai, kuma shi ne mararrabar da kusan duk abin da muka gani, ko muka ji, ko muka taɓa yake ratsawa. Hanyar da aka fi sani daga talamus ita ce wadda ta hau zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, a sashen da ke daura da kunne, inda ake tantance sauti a gane ko murya ce ko waya, muryar wane ne, kuma daga wane ɓangare ta fito.

Gwajin da ya bayyana cewa akwai wata hanyar daban mai sauƙi ne, tushensa kuma aikin Ivan Pavlov ne, masanin ƙasar Rasha da ya nuna cewa kare yakan koyi dalalar da yawu idan ya ji sautin da ya saba zuwa gabanin abincinsa. Akan sa ɓera a cikin akwati, a kunna masa wata ƙara ta 'yan daƙiƙoƙi. Da farko yakan ɗaga kai, ya kaɗa kunne, ya ci gaba da shinshine-shinshinensa. Sai a sake kunna ƙarar, a daidai ƙarshenta a sakar masa ɗan jan lantarki a tafin ƙafa, wanda bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Washegari, ko da an sauya masa akwati, da zarar ƙarar ta tashi sai ɓeran ya ƙame a inda yake, babu abin da ke motsi a jikinsa sai haƙarƙarin da yake numfashi da shi, jininsa kuma ya hau. Sau da yawa haɗuwa ɗaya tak ta isa, kuma an ga abin ya zauna fiye da shekara guda, alhali rayuwar ɓera duka ba ta cika wuce shekara biyu zuwa uku ba.

A shekarar 1984, Joseph LeDoux da abokan aikinsa a makarantar likitanci ta jami'ar Cornell da ke Amurka suka lalata sashen ji na ɓawon ƙwaƙwalwar ɓeraye don su ga ko koyon zai gagara. Bai gagara ba, ɓerayen sun koya kamar sauran. Amma da suka lalata sashen ji na talamus, sai koyon ya tsaya cik. Da suka bi jijiyoyin da ke fita daga wannan sashe, sai suka tarar wasu ba sa hawa ɓawo sam, kai tsaye suke zarcewa wani ɗan ƙulli da ke cikin zurfin gefen kai, ɗaya dama ɗaya hagu, wanda ake kira amigdala, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙwayar almon, saboda siffarta. A ɓera, saƙon da ya bi wannan gajeriyar hanya yakan isa amigdala cikin kimanin kashi 12 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda ya zaga ta ɓawo kuma yakan ɗauki kusan ninkin haka. Gajeriyar hanyar tana da sauri, sai dai labarin da take kaiwa a gurguje yake, ba ta iya faɗin komai fiye da cewa ga wani abu mai kama da wancan. Masana suna da saɓani kan girman rawar da take takawa a jikin mutum, kuma sauti mai sarƙaƙiya irin kiɗan waya yana buƙatar taimakon ɓawo kafin a bambanta shi da wani. Amma hanyoyin biyu duk a amigdala suke haɗuwa, ita kuma takan ba da umarninta tun kafin mutum ya kai ga cewa a ransa, ai waya ce.

Amigdala tarin ƙananan sassa ce, biyu daga ciki ne suka fi shafar maganarmu. Sashen gefe shi ne ƙofar shiga, nan saƙon sauti yake sauka, sashen tsakiya kuma shi ne ƙofar fita. Tun a 1979 Bruce Kapp ya nuna a jami'ar Vermont cewa zomon da aka lalata wa sashen tsakiya da ƙyar yake koyon sauya bugun zuciyarsa idan ya ji sautin da aka haɗa masa da ciwo. Daga wannan sashe wata jijiya takan nufi haifotalamus, wanda ke tayar da bugun zuciya da hawan jini da gumi, yana kuma matse hanyoyin jinin fata domin jini ya koma ga manyan tsokoki, kuma daga nan ne sanyin da kike ji a ƙafa yake zuwa. Wata jijiyar takan nufi wani yanki a tushen ƙwaƙwalwa da ke sa jiki ya ƙame, wata hanyar kuma takan kai ga sakin kotisol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa a lokacin tashin hankali, cikin jini. Hanyoyin nan a rabe suke ƙwarai, har ma a 1988 an nuna cewa idan aka datse ta haifotalamus, ɓera yakan ƙame amma jininsa ba ya hawa, idan kuma aka datse ɗayar, jininsa yakan hau amma ba ya ƙamewa.

Saura abin da kika fi mamaki, wato yadda sani bai hana jiki ba. A 1995 Antoine Bechara da abokan aikinsa a jami'ar Iowa suka gwada wasu marasa lafiya. Ɗaya mace ce da wata cuta mai wuyar samu ta lalata mata amigdala ta dama da ta hagu, ɗayan kuma mutum ne da hifokamfas ɗinsa ya lalace, wato sashen da ke adana labarin abin da ya faru da inda ya faru. Aka riƙa nuna musu launuka, daga baya aka riƙa jiyar da su sautuka daban-daban, duk lokacin da wani keɓaɓɓe ya zo sai a busa musu ƙahon jirgin ruwa mai ƙarfin desibel 100, ana auna gumin fatar hannunsu. Matar ta iya faɗin wanne ne ke zuwa gabanin ƙahon, amma fatarta ko gezau. Mutumin kuwa bai iya faɗin komai game da tsarin ba, amma da zarar sautin ya zo sai fatarsa ta amsa. Ashe sanin da ake faɗi da baki yana da ma'ajiyarsa, sanin da jiki yake yi shi ma yana da tasa. Ke duka biyun suna aiki lafiya lau, shi ya sa ɗaya take cewa waya ce kawai, ɗayar kuma ta riga ta buga ƙararrawa, kuma lallashi da magana ba ya saurin isa gare ta domin ba da magana ta koya ba.

Abin ya kafu haka ne saboda halin da kike ciki a lokacin. James McGaugh na jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru da dama yana nuna cewa adirenalin da danginsa, waɗanda jiki ke saki a lokacin tashin hankali, sukan sa amigdala ta ƙara danne hatimi a kan duk abin da ake adanawa a wannan sa'a. Sauya ƙarar wayar da kika yi abu ne da kowa zai fahimta, kuma a makonnin farko ni ma shawarar da zan ba ki ke nan. Sai dai tun daga ranar ƙwaƙwalwarki ba ta sake samun damar jin wannan sauti cikin natsuwa ta ga babu abin da ya biyo bayansa ba, duk jin da take yi masa na ba-zata ne. Ki duba amsar da na ba mai tambaya ta uku, domin ta shafe ki.

Tambaya daga wani ɗalibi: Malam, ina karatun kimiyyar rayuwa ne. Mene ne ainihin abin da ke sauyawa a cikin amigdala idan an koyi tsoro? Kuma daidai ne a kira ta gidan tsoro, kamar yadda nake gani a rubuce-rubuce?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ƙanena. Ƙwayar jijiya guda a sashen gefe na amigdala takan karɓi saƙo biyu, ɗaya daga hanyar ji, ɗaya daga hanyar jin ciwo. Kafin koyo, saƙon sauti rarrauna ne, bai isa ya tayar da ƙwayar ba. Tun a 1949 Donald Hebb na Kanada ya yi hasashen cewa idan rarraunan saƙo ya riƙa isowa a daidai lokacin da ƙwaya take cikin aiki, mahaɗar da ya biyo ta cikinta za ta ƙarfafa, kuma abin da aka tarar ke nan. Ƙwayoyin suna magana da juna ne da sinadarin gulutamet. A bakin mahaɗar akwai wata irin ƙofa mai suna NMDA wadda sinadarin maganiziyam yake toshe ta, ba ta buɗewa sai sharaɗi biyu sun cika a lokaci guda: gulutamet ya iso daga hanyar sauti, ita kuma ƙwayar ta riga ta motsa da ƙarfi, wanda shi ne aikin ciwon. Idan ta buɗe, sinadarin kalsiyam ya shiga, sai ƙwayar ta ƙara dasa wasu ƙofofin masu suna AMPA a wannan mahaɗar, sannan cikin 'yan awoyi ta ƙera sababbin furotin da za su kafe sauyin. Daga nan sautin shi kaɗai ya isa ya tayar da ita.

Hujjojin sun taru ne a hankali. A 1990 ɗakin binciken Michael Davis a jami'ar Yale ya nuna cewa idan aka zuba maganin da ke toshe ƙofar NMDA a cikin amigdala kafin horo, ɓera ba ya koyon tsoron. A 1997 ƙungiyoyi biyu daban-daban suka auna saƙon da ke zuwa daga hanyar ji suka tarar ya ƙara ƙarfi bayan koyo. A 2009 Sheena Josselyn da abokan aikinta a Toronto suka kashe wasu 'yan ƙwayoyi da suka fi shiga cikin koyon, sai tsoron sautin ya ɓace, alhali kashe adadi irin wannan ba tare da zaɓe ba bai taɓa shi ba. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2014, lokacin da ɗakin binciken Roberto Malinow a San Diego ya yi amfani da haske wajen raunana waɗannan mahaɗu, tsoron ya kau, sannan suka sake ƙarfafa su da wani salon hasken, tsoron ya dawo, suka yi ta kashewa da kunnawa a dabba ɗaya. Sauyin ma bai tsaya ga amigdala ba, domin Norman Weinberger ya nuna cewa ƙwayoyin sashen ji na ɓawon ƙwaƙwalwa sukan karkata su fi amsa wa sautin da ya zama alamar haɗari, kamar kunne kansa ya koma yana jiransa.

Game da laƙabin gidan tsoro, ni ba na amfani da shi, kuma ina ba ka shawarar ka guje shi a jarrabawa. Gaskiya ne matar da na ambata a amsar farko, wadda ake sakaya sunanta da haruffan S.M., an kai ta gaban macizai an kuma nuna mata finafinan ban tsoro, ba ta razana ba. Amma a 2013, da aka shaƙa mata iska mai kashi 35 cikin 100 na kabon dayoksaid, wato iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, wadda ke sa jiki ya ji kamar ana shaƙe shi, sai ta firgita matuƙa. Ke nan ana iya jin tsoro ba tare da amigdala ba. Ita kuma amigdala tana aiki wajen koyon abin daɗi kamar yadda take yi wajen koyon abin ƙi. Shi kansa LeDoux ya dawo yana jan hankalin masana cewa abin da ya gano hanya ce ta gane haɗari da kare kai, jin tsoron da mutum yake bayyanawa da bakinsa kuwa aiki ne da ya ƙunshi ɓawon ƙwaƙwalwa da tunani da harshe.

Tambaya daga wani magidanci: Malam, shekara biyu da suka wuce na yi haɗarin mota, ƙarar birki ce ta ƙarshe da na ji kafin karon. Da farko ita kaɗai ke razana ni, daga baya har jan kujera a ƙasa da ƙugin ƙofa. Na samu sauƙi na watanni, sai kwanan baya na bi ta hanyar da abin ya faru, wata mota ta taka birki, komai ya dawo mini sabo. Ashe ban warke ba?

Amsa: Sannu, Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Abu biyu ka kawo, kuma kowanne sananne ne. Na farko shi ne yaɗuwar tsoro daga sauti ɗaya zuwa makamantansa, abin da magabata suka lura da shi da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gwargwadon tsananin abin da ya faru, gwargwadon faɗin da'irar sautukan da amigdala take amsa wa, kuma akwai hikima a cikin hakan, domin haɗari ba ya dawowa da murya iri ɗaya sak. A 2011 masu bincike a cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun tarar cewa mutanen da aka haɗa musu wani sauti da ɗoyi mai tayar da zuciya sun rage iya bambanta wannan sauti da na kusa da shi, har zuwa washegari. Saboda haka idan ƙugin ƙofa ya yi maka kama da birki, ba ƙirƙira kake yi ba, kunnen ne ya rage tantancewa a wannan yanki.

Na biyu shi ne dawowar abin bayan sauƙi. Idan aka yi ta kunna wa ɓera ƙarar nan babu jan lantarki, a hankali yakan daina ƙamewa. Da gani sai a ce ya manta, amma Pavlov ya rubuta tun a 1927 cewa idan aka bar dabbar ta huta, amsar da ta dusashe takan farfaɗo da kanta. Mark Bouton kuma ya nuna cewa dusashewar tana ɗaure da wurin da aka yi ta, idan aka mayar da dabbar inda aka fara tsorata ta, tsoron yakan dawo. Dalili shi ne tsohon koyon yana nan ba a goge shi ba, wani sabon koyo ne aka ɗora a kansa, mai cewa a nan, a yanzu, wannan sauti ba ya nufin komai. Wannan sabon koyo yana dogara da wani sashe na ɓawon gaban ƙwaƙwalwa, can ƙasa ta bayan goshi, wanda ke aika saƙo ga wasu ƙwayoyi masu hanawa da ke tsaye tsakanin ƙofar shiga da ƙofar fita ta amigdala. A 2002 Mohammed Milad da Gregory Quirk, suna aiki a Puerto Rico, sun tarar ƙwayoyin wannan sashe suna amsa wa ƙarar ne a ranar da ɓera yake tuna cewa ta zama lafiya, kuma ɓerayen da ƙwayoyinsu suka fi amsawa su ne suka fi ƙarancin ƙamewa. Hifokamfas kuwa shi ne mai faɗin inda ake, shi yake karkatar da hukunci tsakanin tsohon darasi da sabo. Da ka koma kan waccan hanya, duk abin da idonka ya gani ya goyi bayan tsohon.

Don haka kada ka ɗauka watannin sauƙin nan sun tafi a banza. Koyon da ka yi yana nan, kuma sanannen abu ne cewa dusashewa ta biyu takan fi ta farko sauri. Abin da ya rage masa shi ne faɗi, wato a yi shi a wurare da yawa. A kan wannan aka gina maganin da masana halayyar ɗan'adam suke yi. Mai magani yakan zauna da mutum su jera sautukan daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, sannan mutum ya kunna naɗaɗɗiyar ƙarar birkin da hannunsa, ƙasa-ƙasa, bayan ya faɗi abin da yake jin zai same shi. Zuciya ta buga, gumi ya keto, ya zauna bai tashi ba, har ya ga abin da ya zata bai auku ba. Gobe a ƙara sautin kaɗan, jibi a yi a wani ɗaki, daga baya a cikin mota tana tsaye, har a kai ga hanyar kanta. Gudun sautin yana kawo sauƙi nan take, amma shi ne babban abin da ke hana ɓawon gaba samun darasin da yake buƙata. Ina kuma roƙon iyalan masu wannan lalura da kada su riƙa razana su da ƙarar a ba-zata da sunan za su saba, domin razana ta ba-zata tsohon darasin take ƙarfafawa, kuma dole linzamin ya kasance a hannun mai ciwon.

Idan bayan wata guda da aukuwar masifa mutum yana fama da mafarkinta, ko hotonta yana faɗo masa a farke kamar yanzu take faruwa, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara ƙauracewa aiki da mutane, to ya ga likita, domin wannan na iya zama ciwon firgita bayan masifa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, kuma yana jin magani. A ƙa'idojinta na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan magani na fuskantar abin a hankali tare da ƙwararre, ta kuma yi gargaɗi kan amfani da magungunan kwantar da hankali dangin diyazefam a watan farko. Yadda ka bayyana naka, shekara biyu da yaɗuwa zuwa wasu sautuka, ya cancanci a duba ka.

Tambaya daga wata mai karatu: Malam, na ji an ce an gano maganin da ke goge mummunan tunani. Da gaske ne?

Amsa: Malama, maganar tana da asali, amma an yi mata ƙari. A shekarar 2000 Karim Nader, yana aiki tare da LeDoux a jami'ar New York, ya kunna wa ɓeraye ƙarar da suka koyi tsoro, nan take ya zuba musu maganin da ke hana ƙera furotin a cikin amigdala, washegari tsoron ya ragu ƙwarai. Idan ba a fara tuna musu da ƙarar ba, ko aka jinkirta maganin awa shida, ba ya yin komai. Wannan ya nuna cewa tunani yakan yi laushi na ɗan lokaci idan aka tayar da shi, sai an sake kafe shi. Amma wancan magani yana da guba, ba a ba mutum shi. A 2009 Merel Kindt ta jami'ar Amsterdam ta gwada furofaranolol, maganin zuciya da hawan jini, ta tarar zaburar mutane ta ragu alhali suna tune da abin da ya faru sarai. Wasu da suka maimaita gwajin sun samu haka, wasu ba su samu ba, shi ya sa bai zama maganin da aka tsayar ba. Kada kowa ya sha shi da kansa saboda wannan dalili, musamman mai ciwon asma, domin yana iya toshe masa numfashi.

Tambaya daga wata uwa: Malam, jaririna ɗan wata biyu yakan zabura ya ware hannuwa idan an buga ƙofa. Tsoro ya koya, ko haka ake haihuwar yara?

Amsa: Haka ake haihuwar su, Maman jariri, ki kwantar da hankalinki. Ware hannuwan nan amsa ce ta halitta da ake kira zaburar Moro, takan ɓace da kanta tsakanin wata huɗu zuwa shida. Zabura ga ƙara mai ƙarfi kuwa takan zauna da mutum har tsufa, hanyarta gajeriya ce ƙwarai, daga jijiyar ji zuwa tushen ƙwaƙwalwa zuwa laka, har a ɓera takan kai ga ƙafar baya cikin kimanin kashi 8 cikin 1000 na daƙiƙa. Ba ta buƙatar amigdala, sai dai amigdala takan ƙara mata ƙarfi idan mutum yana cikin ɗar-ɗar, shi ya sa mai fargaba yake zabura fiye da kowa.

Abin da yaro yake koya shi ne abin da ya zo tare da ƙarar. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner a jami'ar Johns Hopkins sun gwada wani jariri da aka sani da suna Albert, wanda a wata tara ba ya tsoron farin ɓera. Da ya kai wata goma sha ɗaya, suka riƙa buga guduma a kan sandar ƙarfe a bayan kansa idan an kawo masa ɓeran, har sau bakwai, sai ya koma kuka da ganin ɓeran kawai, tsoron ya kuma taɓa zomo da rigar gashi. An tafi da yaron ba a cire masa abin da aka dasa masa ba, kuma ina ganin wannan zalunci ne da babu hukumar bincike da za ta yarda da shi a yau. Yara sukan kuma koyi tsoro daga fuskar babba, don haka idan ƙara ta tashi ya waiwayo yana kallonki, ki rungume shi ki yi masa magana da murya mai taushi. Abin da ya kamata ya sa ki garzaya asibiti shi ne akasin abin da kika gani: jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta zaburar da shi, ko wanda ya kai wata shida ba ya juyawa wajen sauti, a gwada jinsa ba tare da jinkiri ba.